Yadda Ɗaukar Majiyyaci Ta Zama Sana'ar Masu Ilmi

Tsakanin wurin da mutum ya faɗi da ƙofar asibiti akwai 'yar tafiya, wani sa'i ta minti goma, wani sa'i ta awa guda ko fiye. Likitoci sun daɗe da sanin cewa a cikin wannan 'yar tafiya a ke hasarar rayuka masu yawa, waɗanda da an san dabarar da za a yi musu da sun tsira. Idan numfashin mutum ya tsaya, ko zuciyarsa ta daina bugawa, ƙwaƙwalwarsa ta kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6. Idan kuwa babbar jijiyar jini ce ta yanke, jininsa na iya tsiyayewa kafin a ɗaura wa doki sirdi. Saboda haka sau da yawa ran majiyyaci ya kan rataya a hannun wanda ya fara isowa wurinsa, tun likita bai ma ji labari ba.

A zamanin nan, a Amurka da Ingila da waɗansu ƙasashe, wanda ke zuwa cikin motar asibiti mutum ne da ya zauna a aji, ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi takardar izinin aiki. Babba daga cikin irin waɗannan ma'aikata Turawa na kiransa faramedik, watau wanda ke tsaya wa majiyyaci kafin a kai shi ga likita. Amma wannan sana'a ba tsohuwa ba ce. Labarin yadda ta tashi daga aikin ƙarfi ta koma aikin ilmi ya fi bayyana a ƙasar Amurka, kuma babban rabo a cikinsa na waɗansu talakawa ne baƙar fata na birnin Pittsburgh, waɗanda aka daɗe ba a ambaton sunansu.

Asalin Abin a Fagen Fama

A yaƙe-yaƙen Turai na dā, sojan da ya yi rauni a kan bar shi inda ya faɗi har sai an gama faɗa, wani lokaci sai wanshekare, domin kekunan asibiti su kan tsaya can nesa bayan runduna. Da yawa su kan mutu kafin a zo kansu. Wanda ya fara gyara wannan al'amari shi ne Dominique Larrey, wani likitan fiɗa na sojan Faransa, wanda ya yi aiki a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan juyin mulkin ƙasar na 1789, daga baya kuma ya bi Napoliyon. Ya lura da yadda dawaki ke jan ƙananan igogi a guje su kai su duk inda a ke bukata, sai ya sa aka ƙera kekunan doki marasa nauyi don su riƙa kutsawa cikin fage su kwaso masu rauni tun ana cikin faɗa. Bai tsaya ga keke kaɗai ba. Ya ware mutane musamman don wannan aiki, ya koya musu ɗaure rauni, ya kuma kafa musu ƙa'ida cewa wanda rauninsa ya fi tsanani shi za a fara dubawa, ko hafsa ne ko kurtu.

Amurkawa ba su ɗauki wannan darasi ba sai da suka sha wuya. A farkon yaƙin basasarsu, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865, 'yan badujala da direbobin haya a kan ɗora wa kwasar masu rauni, su kuwa da sun ji ƙarar igwa sai su ranta a na kare. Bayan gumurzu na biyu da aka yi a Bull Run cikin watan Agusta na 1862, waɗansu masu rauni sun yi kwanaki yashe a fili ba ruwa ba magani. A cikin wannan shekara ne wani likitan soja mai suna Jonathan Letterman ya kafa rukunin sojoji waɗanda ba su da wani aiki sai ɗaukar masu rauni, aka hore su, aka sa su ƙarƙashin likitoci. Da aka kara a Antietam ran 17 ga Satumba, dubban mutane suka ji rauni, amma rukunin nan ya kwashe na ɓangarensa cikin kamar kwana guda. A 1864 majalisar ƙasa ta mai da tsarin Letterman doka ga dukan rundunonin gwamnati.

Daga Fagen Fama Zuwa Titin Birni

Da yaƙi ya ƙare, likitocin da suka ga amfanin abin suka kawo shi gida. Wani asibiti na birnin Cincinnati ya fara aika keken ɗaukar majiyyata a 1865. A 1869 kuma Edward Dalton, wanda shi ma ya yi likitan soja, ya kafa irinsa a asibitin Bellevue na birnin Niyu Yok. Keken Bellevue doki ke jansa, da bandeji da karan ɗori da magunguna a ciki, da wani saurayin likita zaune a baya. Haka aka yi ta yi a manyan birane, har mota ta maye gurbin doki.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Soja suka kwashe likitoci, asibitoci suka rasa waɗanda za su sa a mota. Bayan yaƙi ma ba a mai da su ba. Aikin ya faɗa hannun duk wanda ke da motar da mutum zai iya miƙewa a cikinta. A manyan birane 'yan sanda ne ko 'yan kwana-kwana. A ƙananan garuruwa kuwa masu sana'ar jana'iza ne, domin a Amurka akwai mutanen da sana'arsu ita ce shirya gawa da binne ta a biya su, su ne kuma ke da dogayen motoci. Motar da ta kai gawa maƙabarta da safe ita za ta ɗauko wanda ya yi haɗari da yamma. Direba da yaronsa ba a bukatar su san kome game da jikin mutum. Su ɗauka, su jefa a baya, su duka biyu su shiga gaba, su zura da gudu. In an isa da rai, to, madalla. In ba a isa da shi ba, gawa ta riga ta shiga motar masu binne ta.

Rahoton 1966

A watan Satumba na 1966 babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da wani ɗan rahoto a kan mutuwa da naƙasa ta hanyar haɗari, ta kira abin cutar zamani da aka yi wa sakaci. Rahoton ya nuna cewa a shekara ta 1965 kaɗai haɗari iri iri ya kashe Amurkawa 107,000, wajen 49,000 daga cikinsu a kan titi, ya kuma bar wajen 400,000 da naƙasa ta har abada. Ya ce kusan rabin aikin ɗaukar majiyyata na ƙasar yana hannun masu sana'ar jana'iza su 12,000. Yawancin motocin ba su da kayan aiki, ba su da hanyar magana da asibiti, yawancin ma'aikatan kuma ko agajin farko ba su iya sosai ba. Abin da ya fi sosa ran jama'a shi ne, likitocin da suka komo daga Koriya da Biyetnam sun ce wanda aka harba a bakin daga ya fi wanda mota ta kaɗe a titin birni sa ran tsira.

A cikin wannan wata ne Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar kiyaye haɗari a hanya, wadda ta tilasta wa jihohi su gyara aikin agajin gaggawa, in sun ƙi a rage musu kuɗin gina hanyoyi. Da haka sha'anin koyar da ma'aikatan motar asibiti ya shiga hannun Ma'aikatar Sufuri, yana kuma hannunta har yau.

Ilmi Ya Samu, Masu Kai Shi Babu

Abin takaici shi ne, a lokacin nan an riga an san dabarun ceton rai. Wajen 1957, a birnin Baltimore, wani likitan allurar barci mai suna Peter Safar, mutumin Biyana ta ƙasar Ostiriya, tare da Dokta James Elam, sun tabbatar da cewa idan aka ɗaga haɓar wanda ya suma, aka karkata kansa baya, aka hura masa iska baki da baki, za a iya riƙe ransa. A 1960 waɗansu masana uku na asibitin Johns Hopkins, a wannan birni dai, suka nuna cewa danna ƙirji da tafin hannu a kai a kai yana tura jini ko da zuciya ta tsaya. Safar ya haɗa dabarun wuri guda. Wani Banorwe mai ƙera kayan wasan yara, Asmund Laerdal, ya yi mutum-mutumin roba don a riƙa koyo a kansa. A Belfast kuma, can Arewacin Ayalan, Dokta Frank Pantridge ya ƙera na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki ta komo daidai, wadda za a iya ɗauka a mota, ya fara fita da ita a 1966.

Amma duk wannan ilmi yana tsare a asibiti, ko a hannun likita. Likitoci kuwa ba su da yawan da za a sa ɗaya a kowace mota. Tambayar da ta rage ita ce, ko za a iya koya wa wanda ba likita ba wannan aiki, a sake shi a titi, ya yi shi daidai? Likitoci da yawa sun ce ba zai yiwu ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Mutanen Unguwar Tudu

A 1961 Safar ya koma Jami'ar Pittsburgh, birnin masana'antun ƙarfe a jihar Pennsylvania. A 1966 abu biyu suka same shi. 'Yarsa ƙarama ta rasu da ciwon fuka, domin numfashinta ya tsaya kafin a kai ta inda za a taimake ta. A watan Nuwamba kuma David Lawrence, wanda ya yi magajin garin birnin ya kuma yi gwamnan jihar, ya yanke jiki ya faɗi yana cikin jawabi a wani taron siyasa. 'Yan sanda suka kai shi asibiti, likitoci suka tada zuciyarsa, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta lalace a hanya. Bai farfaɗo ba har ya rasu bayan kwana 17. Safar ya ƙara sakankancewa cewa kome gwanintar asibiti, in ba a gyara hanya ba, aikin banza a ke yi.

In tsohon gwamna ya ga haka, ina ga talaka? A tsakiyar birnin akwai wata unguwa ta baƙar fata da a ke kira Hill District, watau Unguwar Tudu. Talauci ya yi mata katutu, samari ba aikin yi. Masu motocin haya ba su son shiga cikinta. Wanda ciwo ya kama da dare sai a kira 'yan sanda, su zo da motar da su ke kwasar masu laifi, ga shi kuwa tsakaninsu da mutanen unguwar ba a ga maciji. Wani mutum mai suna Philip Hallen, shugaban wata gidauniyar taimako, wanda ya taɓa tuƙa motar asibiti da ƙuruciyarsa, ya ga za a iya jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya: a sama wa unguwar motar asibiti, a kuma sama wa samarinta sana'a. Ya haɗa kai da wata ƙungiyar unguwar mai suna Freedom House, watau Gidan 'Yanci, suka tafi wurin Safar a 1967. Su abin da suka nema shi ne a koya wa direbobi ɗan agajin farko. Shi kuwa ya ce in dai za a yi, a yi mai gaba ɗaya.

Aka tara mutum ashirin da 'yan kai daga unguwar. Kusan rabinsu ba su gama makarantar sakandare ba. Waɗansu sun komo daga yaƙin Biyetnam, waɗansu sun taɓa zaman kurkuku, da yawa kuma ofishin neman aiki ya riga ya sa su cikin waɗanda ba su ɗaukuwa. Safar ya shirya musu karatu na awa 300 cikin mako 32. Aka koya musu ƙirar jikin mutum da yadda kowace gaɓa ke aiki, da hura numfashi da danna ƙirji, da tsai da jini, da ɗaure karaya, da karɓar haihuwa, da tuƙi na natsuwa. Aka shigar da su ɗakin fiɗa da ɗakin haihuwa da ɗakin masu ciwo mai tsanani, suna kallo suna taimako, ko da ya ke waɗansu ma'aikatan asibitin su kan ɗauke su masu shara ne. Ba a taɓa ba farar hula wanda ba likita ba, ba kuma nas ba, karatu mai zurfin haka don aikin titi.

Tun ba su gama ba aka gwada su. Da aka kashe Martin Luther King a watan Afrilu na 1968, tarzoma ta ɓarke a unguwar, ɗaliban suka fita suna agajin waɗanda suka ji rauni. A cikin wannan shekara suka fara aiki sosai da mota biyu. A shekararsu ta fari sun amsa kira wajen 5,800, sun kai majiyyata fiye da 4,600 asibiti. Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Ba a daɗe ba sai ga 'yan sanda da kansu, in wani nasu ya faɗi, Gidan 'Yanci su ke fatan a kira.

Likita Nancy Caroline

A 1974 Safar ya ɗora wata matashiyar likita, Nancy Caroline, a kan shugabancin aikin. Ta riƙa shiga mota tare da su dare da rana, tana sauraronsu ta rediyo, tana bin kowane rahoto da suka rubuta tana gyarawa. A ƙarƙashinta suka ƙware wajen ƙarin ruwa ta jijiya, da karanta zanen bugun zuciya, da ba da magani bisa umurnin likita ta rediyo. Ɗaya daga cikinsu, John Moon, wanda dā ma'aikacin tura gadon majiyyata ne a asibiti, ya zura wa wani majiyyaci robar numfashi a maƙogwaro a wajen asibiti a 1975, aikin da a dā sai likita.

Ma'aikatar Sufuri ta ba Safar da Caroline aikin tsara manhajar koyar da faramedik ta ƙasa baki ɗaya, aka gwada ta a kan mutanen Gidan 'Yanci, aka fitar da ita a 1977. Caroline ta kuma rubuta littafi mai suna Emergency Care in the Streets, watau agajin gaggawa a kan titi, wanda ya fito a 1979. Har yanzu ana sabunta shi ana karanta shi a makarantu, da sunanta a bangonsa.

Amma kafin manhajar ta fito, waɗanda aka gwada ta a kansu sun watse. Magajin gari na lokacin, Peter Flaherty, bai yi na'am da su ba. An rage musu kuɗi, an hana su busa jiniya a tsakiyar birni, an ƙi yarda su faɗaɗa aikinsu zuwa sauran unguwanni. Da masu hali suka fara gunaguni cewa talakawan Unguwar Tudu sun fi su samun kulawa, sai birni ya kafa nasa aikin, ya janye hannu daga Gidan 'Yanci. Ran 15 ga Oktoba, 1975, aka rufe shi. Caroline ta tsaya kai da fata sai an ɗauki mutanenta a sabon aikin, aka kuwa ɗauki 26. Sai dai an sa su ƙarƙashin fararen fata waɗanda ba su kai su sanin aiki ba, aka yi ta ɗora musu jarrabawa bayan jarrabawa. Cikin shekara guda rabinsu sun tafi, daga ƙarshe biyar suka rage. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. John Moon na cikin waɗanda suka daure, har ya kai mataimakin shugaban aikin, ya yi ritaya a 2009. Ita Caroline ta koma Isra'ila ta shugabanci likitocin agajin gaggawa na ƙasar, ta kuma yi aiki da likitocin jirgin sama a Kenya, ta rasu a 2002. Safar ya rasu a 2003.

Doka da Jarrabawa

Pittsburgh ba ita kaɗai ta yi wannan gwaji ba. A Miami da Los Angeles da Seattle, tsakanin 1969 da 1970, likitoci sun koya wa 'yan kwana-kwana irin wannan aiki. Sai dai doka ba ta san su ba, domin wanda ba likita ba in ya yi wa mutum allura ya yi laifi. Jihar Kalifoniya ta warware wannan a 1970, sa'ad da Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a kan dokar da ta halatta aikin faramedik. Sauran jihohi suka bi sahu.

A 1970 ɗin dai aka kafa hukumar rajistar ma'aikatan agajin gaggawa ta ƙasa, ta yi jarrabawarta ta fari a 1971, mutum 1,520 suka zauna. Karatun matakin farko a lokacin awa 81 ne. A 1973 majalisar ƙasa ta yi dokar da ta ba da kuɗi don kafa tsarin agajin gaggawa yanki yanki. A 1975 ƙungiyar likitocin Amurka ta amince cewa faramedik sana'a ce daga cikin sana'o'in kiwon lafiya, a 1978 kuma aka yi jarrabawar faramedik ta ƙasa karo na fari. Wani wasan talabijin da aka fara nunawa a 1972, a kan 'yan kwana-kwana biyu na Los Angeles, shi ma ya taimaka ƙwarai, domin ya sa mutanen kowane gari suka fara tambayar hukumarsu ina nasu.

Shiga Kwaleji

Da fari a asibiti ko a ofishin 'yan kwana-kwana a ke koyarwa. Da karatun ya yi yawa, sai ya koma ƙananan kwalejoji na shekara biyu, waɗanda kusan kowane yanki na Amurka ke da su, kuɗinsu kuma da sauƙi. A 1980 Jami'ar Maryland, reshen gundumar Baltimore, ta buɗe sashen da ke ba da digiri a wannan fanni, bisa ƙoƙarin Dokta R Adams Cowley, likitan da ya yi ta nanata cewa awa ta fari bayan rauni ita ce mafi tsada. Tun daga 2013 kuma, hukumar rajista ba ta barin kowa ya zauna jarrabawar faramedik sai wanda ya fito daga makarantar da aka bincika aka amince da ita.

Tsarin da aka daidaita a 2007 ya raba aikin mataki huɗu. Na fari shi ne mai kai agajin farko, kamar ɗan sanda ko ɗan sa kai na ƙauye, wanda ke yin karatun 'yan makonni don ya riƙe majiyyaci kafin mota ta iso. Na biyu shi ne ma'aikacin agajin gaggawa, wanda ke yin wajen awa 150, watau wata uku zuwa shida. Shi ke ba da iskar numfashi, ya tsai da jini, ya ɗaure karaya, ya yi aiki da na'urar girgiza zuciya mai sarrafa kanta. Na uku ya ɗara shi da ƙarin ruwa ta jijiya da waɗansu magunguna. Na huɗu shi ne faramedik, wanda karatunsa ya kan wuce awa 1,000, shekara ɗaya zuwa biyu, kashi a aji, kashi a asibiti, kashi a mota ƙarƙashin wani gwani. Ba a shiga na huɗu sai an riƙe takardar na biyu. Kowa kuma sai ya sabunta rajistarsa bayan shekara biyu biyu, da shaidar ya ƙara karatu, domin ilmin likita ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Wanda ya gama yana da hanyoyi da dama. Yana iya aiki da 'yan kwana-kwana, ko hukumar gunduma, ko kamfani, ko asibiti. In ya ƙara karatu yana iya shiga jirgin sama mai saukar ungulu, ko ya riƙa raka masu ciwo mai tsanani daga wannan asibiti zuwa wancan. Akwai masu zama a ɗakin amsa waya, suna gaya wa mai kira abin da zai yi kafin mota ta iso. Akwai masu zagaya gidajen tsofaffi da masu daɗaɗɗen ciwo suna duba su tun abin bai ɓaci ba. Mai digiri ya kan zama malamin kwaleji ko shugaban ma'aikata. Da yawa kuma su kan mai da aikin tsani, su wuce su zama nas, ko mataimakin likita, ko likita.

Gardamar da Ta Rage

Waɗansu ƙasashe sun wuce Amurka a wannan hanya. A Jamus, tun 2014, karatun shekara uku ne. Ostareliya ta sa faramedik cikin rajistar ma'aikatan lafiya ta ƙasa a 2018, da digiri a ke shiga. A Ingila, daga Satumba na 2021, ba a amincewa da sabon kwas na faramedik in bai kai digiri ba. A Amurka kuwa jihohi kaɗan ne, irin su Oregon, suka wajabta takardar kwaleji ta shekara biyu, sauran sun bar shi ganin dama.

Masu son a wajabta digiri sun ce wanda ke yanke shawara shi kaɗai a kan ran mutum da tsakar dare ya kamata ya san dalilin kowane abin da ya ke yi, kuma albashin faramedik ba zai kamo na nas ba sai karatunsu ya yi kusa. Masu ƙi sun ce ƙauyuka da yawa da 'yan sa kai suka dogara, in aka tsawaita karatu aka tsadantar da shi za a rasa masu yi, a kuma rufe ƙofa ga ɗan talaka. Kowane ɓangare na iya kafa hujja da Unguwar Tudu. Mutanenta sun nuna cewa karatu mai zurfi shi ke raba mai ceton rai da mai dakon jiki. Sun kuma nuna cewa da an nemi takardar sakandare a bakin ƙofa, da kusan rabinsu ba su shiga ajin ba.

A Pittsburgh kanta, jami'ar da Safar ya yi aiki tana ba da digiri a fannin agajin gaggawa. A 2021 kuma aka buɗe wani shirin koyarwa da sunan Gidan 'Yanci, don samari da 'yan mata na unguwannin talakawa, aka riƙa koya musu matakin farko na aikin kyauta. Daga cikin waɗanda suka riƙa zuwa suna yi wa ɗaliban jawabi har da John Moon.